Rariya ko Filta? Amsa ga Matashin da Ya Saɓa da Maigidansa

Wasiƙar wannan makon daga Kawo ta fito. Na ɗan taƙaita ta.

"Assalamu alaikum Baba. Shekaruna 27, ina aikin gyaran ƙananan jiragen sama a nan Kaduna a hannun wani dattijon injiniya, aminin marigayi mahaifina. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar, shi ya tsaya mini har na gama kwalejin jiragen sama ta Zariya. Ban karɓi lasisina ba tukuna, shi ke sa hannu a duk aikin da muka yi. Cikin jiragen da muke kula da su akwai wata tsohuwar Cessna 172 ta wani Alhaji, mai injin Lycoming O-320, wadda har yau rariyar ƙarfe ce ke tace mata mai. Ni kuwa abin da na karanta, filta ta fi. A juyen mai da muka yi na baya-bayan nan na ga ɗan ƙyalli-ƙyalli a rariyar, na nuna wa maigida, ya murza a yatsa ya ce ba komai. Ranar da Alhaji ya zo, bakina ya suɓuce na ce a gabansa ai rariya tsohon yayi ce, filta ya kamata a sa. Maigida bai ce uffan ba. Yau mako uku ke nan, in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice, ya daina kirana in kama masa aiki. Wani abokina da ke Amurka ya ce zai aiko mini da adafta ta hannu da araha, wato mazaunin da ake ɗaura filta a kai a gurbin rariya, sai dai ba ta da takardu. Maigida zai tafi Umra wata mai zuwa, ina tunanin in ɗaura ta kafin ya dawo, ya gani da idonsa. Maiɗakina ta ce kada in kuskura. Baba, ni ne mai laifi don na faɗi gaskiya?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kuma saka wa wannan dattijo da ya riƙe ka da alheri.

Zan fara da abin da ya fi gaggawa. Maganar maiɗakinka ita ce magana. Kada ka taɓa injin nan a bayan idon maigidanka, kuma ka yi wa abokinka godiya ka ce ya bar adaftar a can.

Ka san inda adafta take zama. Duk man da famfo ya turo, ta nan yake bi kafin ya isa ga boris da kamshaf. In gaskit ya saki a mota kana kan hanyar Zariya, gangarawa gefen titi za ka yi ka kira bakanike. Jirgi mai inji ɗaya kuwa in ya zubar da mansa yana sama da daji, 'yan mintoci ne tsakaninsa da bugawar inji, kuma akwai rayuka a ciki. Ba tsoratarwa nake yi ba. A 2022 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fitar da umarnin dole a kan wata irin adafta da ake ɗaura wa injinan Continental, bayan haɗura biyu da mai ya tsiyaye inji ya mutu a sama. Ɗan gaskit ne ya jawo, aka ce a cire shi a sa na jan ƙarfe. Tun a 1996 ma an fitar da wani umarnin a kan adaftar da Cessna ta ƙera wa injinan Continental, saboda notin da ke riƙe ta yana kwancewa. Injinku Lycoming ne, waɗannan umarni ba su hau kansa ba. Na kawo su ne don ka ga cewa adaftar da ke da cikakkun takardu, wadda aka san masana'antarta da lambarta, ita ma ta ci rayuka ko ta kusa. To ina ga wadda ba ka san daga wane jirgi aka ciro ta ba, ba ka san ko ta taɓa faɗuwa ba, ba ka san ko zarenta ya cinye ba?

Ga kuma doka. Jirgi mai lambar 5N, wato mai rajistar Najeriya, a ƙarƙashin hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, NCAA, yake, kuma duk canjin da za a yi wa inji sai ya zo da amincewa a rubuce, kayan su zo da takardar shaidarsu, injiniya mai lasisi ya sa hannu a littafin inji. Kai ba ka da lasisi tukuna. Ranar da ka ɗaura wannan abu, jirgin ya fita daga halin da aka yarda ya tashi a cikinsa, kamfanin inshora ya samu ƙofar zamewa, kuma sa hannun ƙarshe da ke cikin littafin na maigidanka ne. In wani abu ya faru, shi za a fara kira. Mutumin da ya biya maka kuɗin makaranta zai dawo daga ɗakin Allah ya tarar ka jefa lasisinsa na shekara da shekaru cikin haɗari. Naka lasisin da kake nema kuwa, sai dai ka manta da shi. Wannan babin a rufe shi.

Yanzu ga maganar filta kanta. A nan kana da gaskiya, sai dai ba ka riƙe ta ta inda ya dace ba.

Injin Lycoming rariya biyu gare shi. Ɗaya tana cikin kwanon mai na ƙasa, mai manyan ido, tana tare manyan ɓarɓashi kafin su shiga famfo. Ɗayar tana bayan inji, mai ƙananan ido, ita man ke ratsawa bayan ya fito daga famfo. Wannan ta biyun ita filta ke maye gurbinta. Ta ƙasan tana nan daram, kuma ko an sa filta dole a ci gaba da zaro ta ana dubawa, domin babban gutsuren ƙarfe a can yake tsayawa, ba ya isowa filta. Na sha ganin matasa sun manta da ita da zarar an ɗaura musu gwangwani mai sheƙi. Rariyar waya tana kama abin da ya fi idonta girma ne kawai, lallausan gari ya wuce ya ci gaba da zagayawa cikin mai yana gogar ƙarfe. Takardar da ke cikin filta kuwa ninki-ninki ce, tana da faɗi sosai in an warware ta, kuma tana kama abin da rariya ba ta ma san ya wuce ba. Kamfanin Lycoming da kansa ya nuna wannan bambanci a sanarwarsa mai lamba 480: inji mai rariya a yi masa juye duk awa 25 na aiki, mai filta duk awa 50.

Amma akwai sharaɗi na uku a cikin wannan sanarwa da masu tallar filta ba su cika ambata ba. Ko da rariya ko da filta, mai ba ya wuce wata huɗu a cikin inji. Shi ya sa tambayar farko da ya kamata ka yi wa kanka ita ce, awa nawa jirgin Alhaji ke tashi a wata? Buɗe littafin ka lissafa. In awa biyar yake yi a wata, cikin wata huɗu awa 20 ke nan, bai ma kai 25 ba wata huɗun suka cika. Irin wannan jirgi ko ka sa masa filta, juye uku ne a shekara kamar yadda yake da rariya, ka kuma ƙara wa Alhaji kuɗin sabuwar filta a kowane juye, ga kuɗin adafta da na aiki. In kuwa yana yin awa 25 a wata, to rariya na nufin juye goma sha biyu a shekara, filta ta mayar da shi shida. Kwanon O-320 na Cessna 172 yana cin wajen lita bakwai da rabi, kuma man jirgi da dala ake shigo da shi, don haka a nan lissafi ya fito sarai. Ba ka gaya mini awannin jirgin ba. Ina zaton ba ka lissafa ba kafin ka yi magana, maigidanka kuwa na tabbata lissafin yana kansa tuntuni.

Ni a wurina, babban abin da ke sa ni son filta bai shafi tsimin kuɗi ba. Filta tana ba ka labarin abin da ke faruwa a cikin inji. Ka kwance ta ka bar ta ta tsiyaye, ka ɗora ta a kan abin yanka mai ɗan faifai, irin wanda ke zagaya gwangwani ba tare da ya zubar da garin ƙarfe a ciki ba. Kada ka sa zarto, don garinsa zai ruɗe ka. Ka zare takardar ka yanke ta daga gindi, ka matse ta cikin tsumma mai tsabta, sannan ka fita da ita bakin rumfa inda rana take, ka buɗe ta ninki bayan ninki. A gindin kowane ninki abin yake kwanciya. Ka bi da maganaɗisu a hankali. Abin da ya kama, baƙin ƙarfe ne, daga kamshaf ko abokan gogayyarsa, ko ringi, ko bangon silinda. Abin da ke walƙiya fari bai kama ba, alminiyam ne ko fatar boris. Mai ruwan zinariya tagulla ce, daga bushin. Akwai wani jirgi da na taɓa karɓa wanda ya shafe damina guda a ajiye, mai shi yana cewa ai ana tayar da shi duk mako. Inji yana kuka lafiya lau, ma'aunin mai yana kan kore, ba wanda zai ce da wani abu. Da na bi takardar da maganaɗisu sai kansa ya yi gashi-gashi, baƙi wuluk, kamar an tsoma shi cikin kwalli. Muka ciro silinda muka leƙa, kamshaf ya fara cinyewa. Har yau in na tuna nauyin wannan ɗan maganaɗisu a hannuna sai in gode wa Allah da jirgin bai tashi da iyalin mutumin ba a makon.

Wannan ya kawo ni kan ƙyalli-ƙyallin da ka gani, wanda a duk wasiƙarka shi ya fi tsaya mini a rai, kai kuwa ka wuce shi a layi ɗaya. Ka ce maigida ya murza a yatsa ya ce ba komai, kamar dai ya yi watsi da kai. Ɗana, wannan murzawar gwaji ce. Ɓarɓashin gawayin da ƙonewar mai ke bari yana iya yin sheƙi kamar ƙarfe, amma in ka murza shi tsakanin yatsu sai ya farfashe ya bar baƙi. Ƙarfe ba ya farfashewa. Yana yiwuwa dattijon nan ya ba ka amsa cikakkiya da yatsu biyu, kai ba ka karanta ba. Yana kuma yiwuwa akwai 'yan ƙwayoyin ƙarfe na gaske, waɗanda kowane inji ke zubarwa kaɗan-kaɗan. Abin da ke raba gardama shi ne yawa, da iri, da kuma ko abin yana ƙaruwa daga juye zuwa juye. Takardun Lycoming sun jera matakan, daga 'yan ƙwayoyin da za a ci gaba da tashi a sake dubawa, zuwa adadin da za a rage awanni a sake buɗewa, har zuwa wanda za a dakatar da jirgi. Wannan ba ya buƙatar filta kafin ka fara shi. A juye na gaba ka wanke rariyoyin biyu cikin kwano mai tsabta, ka tace ruwan wankin a farin ƙyalle, ka bi da maganaɗisu, ka ajiye abin da ka samu. In ana iya aika samfurin mai ɗakin gwaji a waje, ya ƙara kyau, domin shi yana ganin abin da ido ba ya gani.

Kuma ka sa ido a kan tsatsa. A injin Lycoming kamshaf yana sama da kuranshaf ne, in jirgi ya daɗe a ajiye mai ya tsiyaye ya bar shi tsirara. Ka san yadda Kaduna take a watan Agusta, ƙarfe ma gumi yake yi. Tayar da inji a ƙasa na minti goma ba ya korar laimar da ke ciki, ƙara ta ma yake yi. Shawarar kamfanin ita ce a tashi da jirgin na awa guda cur aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, zafin mai ya kai tsakanin 165 da 200 a ma'aunin Faranhait. In jirgin Alhaji mai yawan zama ne, wannan ta fi filta muhimmanci gare shi.

Akwai abin da nake jin matasa na faɗa, cewa ƙurar hunturu ce dalilin da ya sa dole a sa filtar mai a ƙasarmu. Da ƙamshin gaskiya, amma ƙurar ta hanyar iska take shiga. Kafin filtar mai ta gan ta, ta riga ta bi ta kafireta, ta goge bangon silinda da ringi, sannan ta gangara cikin mai. Mai tsaron ƙofa na farko filtar iska ce, da robar da ke zagaye da ita, da bututun da ke bayanta. A watan Disamba da Janairu, lokacin da hazo ke rufe gari har ka kasa hango ƙarshen titin jirgi, ka riƙa duba ta fiye da yadda jadawali ya ce. Ka kuma tuna wa matuƙi cewa in ya ja maɓallin ɗumama kafireta, iskar da ke shiga ba ta bi ta filta ba, don haka kada ya bar shi a ja yana tafiya a ƙasa cikin ƙura. Haka nan filtar mai ba ta cire ruwa, ba ta cire tsamin da ƙonewa ke haifarwa, ba ta kuma hana dalmar da ke cikin fetur ɗin jirgi taruwa a mai. Juye ne kaɗai ke fitar da su, shi ya sa aka kafa wa'adin wata huɗu.

To, mu dawo kan mutumin. Ka tambaye ni ko kai ne mai laifi don ka faɗi gaskiya. Laifinka yana wurin da ka faɗe ta. Alhaji ya miƙa jirginsa da ransa ga dattijon nan ne bisa amana. Kai yaronsa, wanda kowa ya san shi ya raine ka, ka tsaya a gaban mai kaya ka ce abin da yake yi tsohon yayi ne. Abin da Alhaji ya ji shi ne, injiniyana ya tsufa, ilimi ya wuce shi. Abin da maigidanka ya ji ya fi haka ciwo. Shirun da ya yi a lokacin, rufin asiri ya yi maka, domin da ya so da kalma uku zai mayar da kai wurinka a gaban baƙo.

Kuma kada ka ɗauka bai san filta ba. Mutanen zamaninsu su ne suka ga ana harhaɗa ƙaramin jirgin nan Air Beetle a nan Kaduna a shekarun 1990, da injin Lycoming O-360, su ne suka riƙe jiragen Tampico da aka daɗe ana koyar da tuƙi da su a Zariya, masu irin wannan O-320 da ke gabanka. Mai irin wannan shekaru a cikin sana'a ya yanka filta fiye da yadda za ka ƙirga. In ya zaɓi ya bar rariya a jirgin nan, yana da dalili, kuma zan iya hasashen wasu. Juye duk awa 25 yana nufin ana buɗe murfin tsohon inji sau biyu a inda mai filta zai buɗe sau ɗaya, kuma duk buɗewa ido yana faɗawa kan tiyo da ya fara tsagewa ko waya da ke goga. Adafta ƙarin mahaɗa ce, kowace mahaɗa kuwa wurin yoyo ce. Filta abin yarwa ce, dole a riƙa samunta a kan kari, kuma wanda ya taɓa ganin jirgi ya yi wata biyu a ƙasa ana jiran ɗan kaya daga waje ba ya ɗaukar wannan da wasa. Rariya kuwa wankewa ake yi a mayar da sabon gaskit. Ina ganin duk da haka filta ta rinjaya a yawancin jirage, kuma da ni ne da na sa. Amma waɗannan dalilai ne na mai hankali, sun cancanci a tambaye shi su cikin ladabi.

Allah ya kawo maka sauƙi da wannan tafiya tasa, domin mai shirin Umra zuciyarsa a buɗe take ga yafiya. Kada ka tare shi a wurin aiki. Ka je gidansa bayan la'asar, in da hali ka tafi da kawunka ko wani dattijo da ya san tsakaninsa da mahaifinka. Ka durƙusa ka ce, "Baba, na yi magana a inda bai kamata ba, na kunyata ka a gaban baƙo. Ka yafe mini." Ka tsaya nan. Kada kalmar "amma" ta fito daga bakinka, kada ka ambaci filta ko rariya a ranar. In ya yi faɗa ka sunkuyar da kai ka saurara, faɗan ya fi maka shirun nan na mako uku. Ka tambaye shi abin da yake so ka kula da shi kafin ya dawo, ka roƙi addu'a, ka raka shi filin jirgi in ya yarda. In Alhaji ya kira ka a bayansa ya tayar da maganar, ka ce sai Injiniya ya dawo, shi ke da ta cewa.

Bayan ya dawo ya huta, ka bari sai ranar juye, hannunku duka cikin mai, sannan ka kawo maganar a matsayin mai neman sani. "Baba, ina so in fahimci abin da ya sa ka fi son rariya a wannan jirgin." Ka saurari amsar har ƙarshe. Daga nan ka nuna masa abin da ka tattara: awannin da jirgin ya yi a shekarar da ta wuce, yawan juyen da aka yi da abin da suka ci, da abin da za su ci in da filta. Ka haɗa da bayanin adaftar da ta dace da wannan inji a wannan jirgi, ko ta Lycoming kanta ko ta wani kamfani mai takardar izinin da ake kira STC, sabuwa daga dillalin da aka sani, da takardar shaidarta. Ka riga ka auna tazarar da ke tsakanin bayan inji da bangon da ya raba shi da ɗakin matuƙi, don a wasu jiragen filta ba ta samun wurin shiga da fita sai an sa adafta mai lanƙwasa, ko a kafa filtar a wani wuri a ja mata tiyo. Ka duba inda ma'aunin zafin mai zai koma, da bawul ɗin nan Vernatherm mai tura mai zuwa masanyaya in ya yi zafi, tunda a gidan rariya suke zaune. Ka san abin da NCAA za ta nema kafin a sa hannu, da ɗan nauyin da zai ƙaru wanda dole a shigar a takardar nauyin jirgi. In ya ga ka yi wannan aikin, zai san yaronsa ya girma. In ya gamsu, shi zai kai wa Alhaji maganar da bakinsa, kai kana gefe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ranar ɗaurawa, shi ne a gaba. Sabon gaskit, ɗauri da sifanar awo daidai yadda takarda ta ce, ba da ƙarfin dantse ba, wayar kulle ta ja ta ɓangaren ɗauri. A tayar da inji a duba matsin mai, a kashe a bi kowace mahaɗa da farin tsumma, a sake dubawa bayan tashin farko. Ni da zan ba da shawara, filtar farko kada a bar ta ta kai awa 50. A yanka ta da wuri, kuma kada ka firgita in ka ga datti da yawa, domin tana kwashe abin da ya daɗe yana yawo ne. Ta biyu da ta uku su za su gaya maka gaskiyar injin.

In kuma ya saurare ka ya ce a'a, ka karɓa. Injin da ke da rariya, ana yi masa juye a kan lokaci ana duba shi da kyau, inji ne da doka da kamfaninsa suka yarda ya tashi, kuma dubban irinsa sun kai awa 2,000 da kamfani ya ƙayyade kafin garambawul a haka. Ba za ka ɓata da uban riƙonka a kan wannan ba.

Wuri ɗaya ne kawai ban yarda ka yi shiru ba. In juye na gaba ya nuna ƙarfe na gaske, mai kama maganaɗisu ko wanda ya ƙi farfashewa a yatsa, kuma ya fi na baya yawa, to maganar ta tashi daga zaɓi tsakanin rariya da filta, ta koma maganar rai. Ka kai masa ku biyu kaɗai, ka ajiye a gabansa tare da takardar Lycoming, ka ce, "Baba, zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, ina roƙo mu leƙa ciki kafin ya sake tashi." Ina kyautata zaton mutumin da ya riƙe marayan amininsa ba zai ƙi ba. In har ya ƙi, ka rubuta abin da ka gani a takardar aiki, ka sanar da shi cewa za ka kai wa mai kula da ingancin aiki na wurinku, sannan ka kai. Don wannan rana, tun yanzu ka nemi 'yan ƙananan kwalabe masu murfi. Duk abin da ka tace daga rariya ka zuba a ɗaya, ka liƙa takarda a jiki da kwanan wata da awannin inji, ka jera su a kan kanta inda shi ma zai riƙa ganinsu.